Saƙon da Aka Hana Hawa Jirgi

Duk wanda ya ji na taɓa zama a garin masuntan nan da ke bayan madatsar Rusairis, sai ya ce in ba shi labari: me ake gani, me ake ci, ina ya kamata baƙo ya leƙa. Ina da amsa kuwa, don babu lungun da ba a kai ni ba a 'yan kwanakin da na yi. An zagaya da ni kamar sabon hakimi. Sai dai ni ba yawo ya kai ni ba, kuma har yau in na shaƙi ƙaurin kifin banda raina ɓaci yake yi.

A shekarun da aka tare kogi ruwa ya taru ya zama tafki, samari da yawa sun bar gona sun bi kifi. Yayana na cikinsu. Shi ne ɗan farin Inna. Ya bar mu a Mai Wurno, ya kama aiki a jirgin wani tsoho, ya auri 'yarsa, ya zauna can, sai dai mu ji gaisuwa a bakin direbobin lori. Da kakar wata shekara Inna ta kwanta. Muka kai ta Sinnar, likita ya duba ya ce mu mai da ita gida mu riƙa ba ta abin da ranta yake so. Ba mu tambaye shi ma'anar hakan ba.

Inna irin matan da ne. Ba ta taɓa kiran sunan ɗan farinta ba, ba ta taɓa dubansa ido da ido a gaban mutane ba, in za ta ba shi tuwo ma sai ta tura ni da kwanon. Wata safiya ina ba ta kunu ta riƙe min wuyan hannu, ta juya fuska wajen bango ta ce, "Wancan na bakin ruwa, ko shina lahiya?" Iyakar maganarta ke nan. A gidanmu wannan daidai yake da ta fito tsakar gida ta yi kururuwa. Na ce zuwa da kai ya fi aike, na bar dawa a tsaye tsuntsaye suna sha'aninsu, na hau lori ta Singa da Abu Na'ama har Damazin, daga nan na bi wata motar gishiri zuwa garin.

Ban sami Yaya ba. Matarsa ta ce yana can wani tudu a tsakiyar tafki, inda masunta suke kafa bukkoki su kwana suna jan taru, ba sa dawowa sai an gama kamun wannan karon. Ta kai ni wurin ubanta. Na same shi a inuwar rumfa a kan angarib, gadon igiya, yana ɗinkin taru da babban yatsan ƙafarsa a cikin raga.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, Inna ce jiki ya yi tsanani. Na zo in tai da Yaya."

Ya yi salati, ya yi mata addu'a mai tsawo. Sannan ya ce, "Ɗana, nan garin ba a ɗora mugun labari bisa jirgi. Labari shina jira a bakin gaɓa har mai shi ya hito."

Na ce ban gane ba. Ya ce mutumin da aka gaya wa abin tashin hankali a kan ruwa hannunsa sanyi yake yi, idonsa ya rufe, ya kama hanya ko da iska ta taso, ga itatuwan da ruwa ya shanye suna tsaye a ƙasa suna jiran cikin jirgi. Ƙanensa haka ya tafi, an kai masa labarin rasuwar ɗiya, aka yi makoki biyu. Tun kakanninsu a gulbin Sakkwato haka suke, ba yau aka fara ba.

"To a ce masa kawai ya zo, kar a faɗi dalili."

"Wanga ai ya fi muni. Sai ya yi ta saƙe-saƙe." Ya ɗago ya dube ni. "Ita da bakinta ta ce a kira shi?"

Na ce, "Baba, ka san ɗan fari ne. Cewa ta yi ko shina lahiya."

"To ka gani. Gaisuwa ta aiko ka. Lahiya lau yake, alhamdu lillahi."

Wannan maganar ita ta fi ƙona min rai. Bahaushe ne kamata, uwa ce ta haife shi, ya san sarai abin da uwa take nufi in ta tambayi lafiyar ɗan fari. Al'adarmu ta ɗaure wa Inna baki, shi kuma ya ɗauki tasu ya ɗaure min ƙafa, ya koma ɗinkinsa.

Daga ranar gari duka ya shiga hidimata. Kafin la'asar kowa ya san abin da ya kawo ni, kowa kuma ya ɗauki nauyin hana ni zama wuri ɗaya. Da sassafe wani zai zo ya ce in taso in ga isowar jirage. Abin kallo ne, ba zan yi ƙarya ba: ana juye gargaza da tarwaɗa a kan tabarmi suna ta tsalle, fataken Damazin suna ihu da Larabci, mata suna amsa musu da Hausa, shirwa na kewaya sama. Ni kuwa idona na kan jirgin da yake kwaso kamun mutanen tudu, ya koma musu da gari da sukari da ganyen shayi. Kullum yana zuwa, kullum yana komawa inda Yaya yake.

Na tare mai tuƙa shi, wani dogo mai ƙaton baki. Na ce, "Don Allah ɗan'uwa, in ka je ka ce wa yayana..." Ban ƙarasa ba ya toshe kunnuwansa da yatsu yana cewa, "Ma sami't, ya zol, ban ji ba, ban ji ba!" Ya tura jirginsa ya bar ni a tsaye da ruwa iya idon sawu.

Da hantsi sai a kai ni wurin banda, inda mata suke jera kifi a kan ragar ƙarfe bisa murhun laka, hayaƙi na cin ido. Wata tsohuwa ta koya min yadda ake lanƙwasa tarwaɗa a soke wutsiyarta a baki. Aka nuna min yadda ake danna ƙananan kifi da gishiri a cikin gwangwani har su ruɓe su zama abin miyar da Larabawa suke mutuwar so. Aka ba ni na ɗanɗana, na ce da daɗi. Bayan azahar a zaunar da ni a rumfa a dafa jabana, gahawarsu, da citta, a cika min finjali, in na shanye a ƙara. Wata rana aka ɗauke ni a bayan lori har bakin madatsar, wai kar in koma gida ban ga hazzan ba, haka suke kiranta. Na ga ruwa yana fita ta ƙofofi da ruri kamar hadari, fari fat, ya nufi arewa. Abin da na iya tunawa kawai shi ne ruwan nan zai wuce ta bayan gidanmu kafin ni.

Matar Yaya kuwa ta dage da girki. Kisra, wainar dawarsu mai faɗi, da miyar kifi, tuwon asida da romon kifi, soyayye, gasasshe. In na ce na ƙoshi ta ce, "Haba ƙanen miji, so kake a ce mun bar ka da yunwa?" Ba muguwa ba ce. Sau ɗaya na same ta tana share hawaye a bayan murhu, da ta gan ni ta ce hayaƙi ne. Amma ko sau ɗaya ba ta buɗe baki ta roƙi ubanta ba.

Da abin ya ishe ni, wata rana da tsakar rana mutane sun shige inuwa, na kwance wani ƙaramin jirgi na shiga. Ni manomi ne, abin da na sani fartanya. Na sa filafili a dama jirgi ya juya hagu, na sa a hagu ya juya dama, na yi ta kewaya wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure a turke. Mata masu wanki suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Aka shigo aka jawo ni da igiya. Tsohon bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, ya sa aka kai ni kallon dorina da yamma don in huce. Na gan su kuwa, uwa da ɗanta, suna fito da hanci suna nutsewa.

Washegari jirgin tudu ya zo da giwan ruwa wanda sai da mutum biyu suka ɗauke shi. Dogon nan ya ajiye shi a gabana yana murmushi. "Yayanka ya ji ka zo ziyara. Ya ce a gaishe ka, ka ci ka ƙoshi, shina nan tahe."

Ashe labari yana hawa jirgi in mai daɗi ne. Na tsaya ina kallon kifin. Yaya a gona ya girma kamata. Ya san babu ɗan Mai Wurno mai hankali da zai bar dawa ta nuna a tsaye ya tafi ziyara. Ya san wa na bari a gida. Kifi ya aiko min.

Da suka fito daga ƙarshe, sai da aka sauke kaya, aka shanya taru, ya yi wanka, aka ajiye masa abinci ya ci, don wai ba a gaya wa mai yunwa magana. Sannan surukinsa ya kira shi rumfa ya faɗa masa a hankali. Yaya ya dafe kai ya yi ta salati. Ya dube ni ya ce, "Kai kuma don mi ba ka aiko ba?" Na tashi na bar rumfar, don da na buɗe baki a lokacin, da sai an raba mu.

A bayan lori, bayan mun wuce Abu Na'ama, na ce, "Yaya, da anka ce maka na zo, mi ka zata ya kawo ni?"

Ya juya yana kallon gonaki. Ya ce, "Ba a hwaɗa mini komi ba."

"Kai kuma ba ka tambaya ba."

"Kihi na bisa ƙwarai wanga karon," ya ce. "In mun hito, wasu za su kama wurin."

Mun sami Inna da rai. Ƙanwarta da take jinyarta ta tare mu a ƙofa ta ce kwanakin baya kullum sai ta sa a juya mata gado ta fuskanci ƙofa, amma tun shekaranjiya ta daina gane mutane, sai jefi-jefi. Yaya ya shiga ya durƙusa, ya kama hannunta, abin da bai taɓa yi ba tun yana yaro. Ya ce, "Inna, ni ne. Na zo." Ta dube shi tsaf, ido cikin ido, yadda ba za ta taɓa dubansa ba da ta san ko wane ne. Sannan ta juyo wajena, ni ta gane ni.

"Ka dawo?" ta ce.

Na ce, "Na dawo, Inna. Ga shi nan gabanki."

Ta lumshe ido. Hannunta na cikin nasa ta ce da ni, "Ya ƙi zuwa ko? Ba komi. Kar ka yi mishi hwaɗa."

Ba ta sake wata magana da aka gane ba har ta cika. A zaman makoki mutane suka yi ta shigowa suna dafa kafaɗar Yaya, suna cewa ya yi sa'a, Allah ya nufe shi da samun uwarsa da rai. Yana amsawa da alhamdu lillahi, ni ina gefensa a kan tabarma ɗaya.