Kuka da ƙasa a ɗaki ɗaya

Shekarun baya, lokacin ina faci a bakin titi a Limawa, ina da wani maƙwabci ma'aikacin gwamnati, Kirista, mutumin wajen Jos. Kullum in ya taso daga ofis sai ya zauna a bencina, ya buɗe bayan jarida, ya zaro biro. Akwai wani zane a wurin, ƙananan ɗakuna farare da baƙaƙe a jere kamar shagunan kasuwa. Sai ya yi ta zuba musu haruffa yana cizon biro.

Ni aji uku na yi a firamare a Buji aka cire ni aka miƙa min fartanya, kuma ban iya ɓoye magana ba. Na ce masa babba da shi, har da furfura, yana wasan yara. Bai ji haushi ba. Ya ce kowane layi akwai tambayarsa a gefe, amsar ake rubutawa, harafi ɗaya a ɗaki ɗaya, wasu kalmomin a kwance wasu a tsaye, kuma inda suka haɗu dole harafin ya yi wa kowacce daidai. Daɗin abin, in ji shi, tambayar fuska biyu gare ta. Tana nuna maka gabas, amsar tana yamma.

Na ce ashe kacici-kacici ne aka gina wa ɗakuna, in haka ne ai mun fi Bature. Mene ne ake zama a cikinsa kuma ake tuƙa tuwo da shi? Ya yi ta lalube har na gama liƙe tayar wani ɗan acaɓa. Da na ce masa gari, ya yi dariya har da buga benci. Daga ranar kullum sai na tanadar masa guda. Fari na launi da fari na rashin ruwan sama. Wuya ta wahala da wuyan da ake sa wa sarƙa. Yana kwashewa a wani ƙaramin littafi.

Abin tsokanata kuwa bakinsa ne. Shekara da shekaru a Dutse, amma ƙofa sai ya ce kofa, ɗaki sai ya ce daki. Ina kiransa Yallaɓai, yana kirana Ɗan Buji, shi ma "Dan Buji" yake fitowa.

Sai wata safiya hawan jini ya kayar da shi. Allah ya yi da sauran kwana, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Yana ji, yana ganewa, kalmar ce ba ta zuwa. Matarsa ta gaya min likita ya ce a riƙa jansa da hira, wataƙila maganar ta dawo, wataƙila ta tafi ke nan. Na yi ta zuwa ina surutu kamar rediyo, shi yana kallon bango. Wata biyu a haka. Gaskiya na fara gajiya. Hira da wanda ba ya rama tsokana aiki ce.

Ran nan na ga wani kwali a shago. Na yaga shi, na ɗora ƙarfen cire taya a maimakon rula, na zana ɗakuna. Kalma biyu kacal na iya haɗawa, su ma wuni guda suka ci min. Ta tsaye: ana miya da ita, jariri ma yana yi. Kuka ke nan. Ta kwance: ana taka ta, ana mulkinta, cikinta za mu koma. Ƙasa. Dukansu daga ɗaki ɗaya suka tashi, na kusurwa. Har na ji kaina ya ɗan kumbura.

Bayan la'asar na kai masa. Na karanta masa tambayoyin da baki, don rubutuna sai ni. Ya karɓi biro da hannun hagu. A hankali, yana gumi, ya rubuta kuka a tsaye, harafi huɗu cif. Zuciyata ta yi sanyi. Da ya zo kan ta kwance sai ya tsaya. Ya kalli kwalin, ya kalle ni, ya ajiye biron.

Na ce a raina shi ke nan, ta gudu masa. Na sassauta murya na ce ba komai Yallaɓai, ƙasa ce, gobe ma rana ce. Sai ya fara ƙwanƙwasa ɗakin kusurwa da yatsa, leɓensa yana rawa. Can na ji:

"Ka... kasa."

Na ce yauwa, ita ce, ƙasa. Ai na san bakinsa. Ya girgiza kai da ƙarfi, ya nuna ƙirjina.

"Kai. Dan Buji. Ka kasa."

Ya ɗauki biron ya yi wa harafin farko 'yar ƙugiya a ka, yadda ake rubuta ƙasa. Sannan ya ja yatsa ya nuna min abin da ta tsaye ta koma. Ƙuka. Babu wannan a Hausa. Ku da kuka yi boko kun san wannan tun kuna yara, ni ranar na sani: ashe haruffan biyu ne, mai ƙugiya da marar ƙugiya, kuma ba sa kwana ɗaki ɗaya. Ni da na shekara ina yi masa dariya, a baki kawai nake da ƙugiyar. Shi da ba ya iya furta ta, ya san mazauninta a takarda. Ba mantuwa ce ta tsayar da shi ba, shirmena ne.

Matarsa tana tsaye bakin ƙofa da kofin ruwa a hannu. Ita ta sake cike mana kalmar tsaye, ba da biro ba, da hawaye.

Maganar ba ta dawo duka ba. Ta dawo kaɗan-kaɗan cikin watanni, har ya yi ritaya suka koma gida. Ban ce kwalina ne ya warkar da shi ba. Allah ne, sai likita, sai matar da ta yi jinya. Amma na lura da abu ɗaya. Wata biyu kowa yana lallaɓa shi kamar ƙwai, har ni. Babu wanda ya ba shi abin da zai gyara. Mutumin da ya saba a tambaye shi, tausayi kaɗai ba ya ƙosar da shi.

Yanzu ciwon baya ya raba ni da faci. Kwalin yana nan cikin akwatina. 'Yata ta taɓa cin karo da shi, ta ce Baba akwai kuskure a nan, ta kawo biro ta gyara? Na ce ta mayar da shi yadda ta gan shi. A duk abin da na taɓa rubutawa a duniya, wannan kuskuren ne ya fi amfani.