Malam Muntari Jega bai taɓa tuƙa jirgi ba

Malam Muntari Jega ya rasu ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam, kafin mu dawo daga maƙabarta an rubuta a Fesbuk cewa kai tsohon matuƙin jirgin yaƙi ne. Washegari wani ya kwafa, ya ƙara maka muƙami. Kai da ka ƙare aikinka kana koyar da tarihi a sakandare, ko jirgin fasinja ba ka taɓa shiga ba. Irin wannan kwafe-kwafen ƙarya ke nan da ka yi ta yaƙa a littattafan tarihin sojan sama.

In an ba ka sabon littafi, daga baya kake buɗe shi, ka duba inda marubucin ya samo bayanansa. Sai ka ɗago kai ka ce, "Wa yac ce? Ina yag gani?" Har rubutuna na jarida bai tsira ba.

Littattafai uku sun ce Tamu, wani makanikin jirgi ɗan Maiyama, ya gudu daga bakin aiki lokacin yaƙin basasa. 'Yarsa Hajiya Hamsatu ta girma ana yi mata gori da wannan. Ka gano cewa na biyu da na uku kwafar na farko suka yi, na farkon kuma jita-jita ya ji. Ka sayar da albasar gonarka ta Aliero, ka hau mota zuwa gidan adana takardun tarihi na Kaduna. A can ka samo shaidar cewa injin jirgi ne ya ƙone shi, ya rasu a asibitin soja.

Ina da ƙorafi a kanka. Na roƙe ka ka buga wannan a jarida, ka ƙi, wai saura fayil ɗaya da ba ka duba ba. Ga shi ka tafi.

A wurin zaman makoki Hajiya Hamsatu ta tambaye ni, "Ɗana, yanzu wa za shi bi maganar babanmu?" Na ce ni, ba don na iya kamar kai ba.

Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka. Ya ba matarka Malama Husna da yaranku haƙuri.

Mawallafin littafin farko ya faɗa maka a waya cewa zai gyara a bugu na biyu. Har yanzu bai tabbatar a rubuce ba.