Dattijo da Agogon Bango

Tun safe Zaituna ke karɓar fom daga masu neman koyon sana'a a kuɗin gwamnati, a wani ofishi cikin Daura, amma hankalinta na kan wani dattijo da ke zaune a bakin benci. Rigarsa ta koɗe, sai dai ta sha guga. Idonsa na dama a ɗan kanne yake, farcen babban yatsansa kuwa dogo ne, fes da shi. Ta raya a ranta, wannan ya daɗe yana buɗe bayan agogo, ƙila a wata rumfa a kasuwar Mai'adua, kafin waya ta zo ta kwashe masa mutane.

Ba ya ƙorafin layi. Agogon bangon ofishin kawai yake kallo, wanda ya tsaya tun kafin azumi. Can ya miƙe, ya nemi izini, ya sauke shi. Ya kankare tsatsar wurin batir da farce, ya hura, sai agogo ya kama tafiya. Ya leƙa inuwar bakin ƙofa, ya saita shi.

Da layi ya zo kansa ta duba fom ɗinsa: Kalilu Audi, gyaran waya.

"Baba, ka kuskure da minti biyu," in ji ta tana murmushi, ta nuna masa wayarta.

Ya ƙara kanne idon nan, ya dubi wayar.

"Ba ni ba ne, 'yata, ita ce ke gudu. Bari in koyo, sai ki kawo min ita."