Maigandi da Katin Sabar Biyu

Shekara ashirin Malam Maigandi ya yi yana gyaran rediyo a bakin kasuwar Kontagora, har yatsunsa suka yi kanta da ƙunar dalma. A 1998 Hajiya Lauratu ta buɗe wurin buga takardu da koyar da kwamfuta, ta aika a kira shi.

"Hajiya, ni fa ban san kwamfuta ba," in ji shi.

"Ai ka san waya, Malam. Sauran za ka koya."

Kwamfuta goma ke wurin, duk suna ajiye aiki a wata babba da ake kira sabar. Lokacin jarrabawa, in makarantu har daga Auna da Ibeto suka kawo tambayoyi a buga, sai komai ya cushe, masu bugu su yi tagumi suna jira.

Hajiya ta ɗauko wani injiniya, Markus, daga Kaduna. Ya buɗe sabar ya ƙara mata katin sadarwa na biyu, ya ja wa kowane kati wayarsa zuwa siwic, akwatin da wayoyin ɗakin ke haɗuwa. Maigandi na tsugune yana riƙe masa sukundireba.

"Injiniya, kati biyu, ba adireshi biyu ke nan ba? Yaya sauran za su gane ta?"

Markus ya yi dariya. "Baba, adireshi ɗaya ne. Zan saita siwic ya ɗauki ramukan nan biyu da wayoyin suka shiga a matsayin ɗaya. Su raba kaya, in ɗaya ya mutu ɗayan ya ci gaba."

Maigandi ya sa shi ya maimaita saitin sau uku, ya rubuce da ajami a bayan kalanda.

Da damina ɓera ya cinye waya ɗaya. Ba wanda ya sani, aiki na tafiya, sai Maigandi da ya ga fitila ɗaya ta mutu a jikin siwic. Ya haɗa sabuwar waya, fitilar ta kama. Ya so ya yi shiru, bakinsa ya ƙi. Kafin la'asar ya ba mutum bakwai labari.

Ya ci gaba da aiki a wurin har idonsa ya raunana. Ko a lokacin, tsofaffin abokan cinikinsa ba su daina kawo masa rediyo ba, Hajiya kuwa ta ware masa teburi kusa da taga.