Ƙofar Ruwa ta Baba Haruna

Shekara goma sha biyu ke nan da muka ɗauki Baba Haruna daga gidansa na unguwar Sakasaka muka kai shi makwancinsa. Juma'ar da ta wuce aka yi masa sadaka, kuma duk wanda ke Tamale ya ji labarinta, wanda bai ji labari ba ya ji ƙamshi. Na je, don ubana ne. Amma na dawo da ɗaci a bakina. Ni tela ne, ba marubuci ba, to amma abin ya tsaya mini a wuya, dole in fitar da shi.

Ga wanda bai san shi ba: Baba fatake ne, daga ƙasar Kano ya fito da jakuna, yana kawo kanwa yana komawa da goro, har ƙafarsa ta tsaya a nan lokacin da Turawa suka mai da Tamale mazauninsu. Ba zan ce muku waliyyi ba ne. Mafaɗaci ne na gaske, in ya daka tsawa har kaji sai sun watse. Ga rowar goro, mutumin da ke sayar da shi kwando-kwando amma sai ya fasa ɗaya gida huɗu kafin ya ba baƙo. Sai dai akwai abin da ban taɓa ganin ya yi rowarsa ba, shi ne ruwa.

Filin da ya gina gida wani manomi Badagombe ne ya ba shi, Mba Ziblim, ba tare da an sa hannu a komai ba. Duk ɗan garin nan ya san abin da rani ke yi mana. Ƙasa ta bushe ƙayau, mata su fita da tulu tun da sanyin safiya, su dawo rana tsaka da ruwa ja kamar kunun kanwa. Baba ya ce zai haƙa rijiya, mutane suka yi ta dariya, don ƙasar nan dutse ce. Ya haƙa ya tarar da dutse, ya koma gefe ya sake, har Allah ya ba shi ruwa a can ƙarshen filin, dab da gidajen Dagomba. Da ya zo kewaye gida da katanga, rijiyar ta kasance a cikin gida. Sai ya sa magina suka bar wata 'yar ƙofa a bayan gida, wadda sai mutum ya sunkuya yake shiga. Ita muke kira ƙofar ruwa. Ba a taɓa yi mata ƙyaure ba.

Daga nan wata al'ada ta tsiro tsakanin gidajen biyu. Kowace shekara, in an cire rama, mutanen gidan Mba Ziblim za su tufka sabuwar igiyar guga, mai kauri, su kawo. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya ba da goro, wannan karon ba fasasshe ba. Sai a sa ranar yasar rijiya, samarinsu da namu su shiga su kwashe laka tare. Su ke da igiya, mu ke da rijiya, ruwa na kowa ne. Da Mba Ziblim ya rasu, matarsa Mma Sanatu ta ci gaba da kawowa.

Abin da na fi tunawa shi ne safiya. In Baba ya dawo daga masallaci, sai ya shimfiɗa buzunsa kusa da ƙofar ruwa, yana jan carbi. Mata na sunkuyowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta ce, "Mba Haruna, dasiba," wato barka da asuba a bakinsu. Shi kuma ya amsa, "Naa." Kusan iyakar Dagbancinsa ke nan, duk daɗewarsa a garin nan, amma bai taɓa barin gaisuwar ko da ƙaramar yarinya ta faɗi ƙasa ba.

Akwai wani rani da ruwa ya ja baya sosai, sai an daɗe ana jira kafin guga ya cika rabi. Innarmu ta gaji, ta same shi ta ce, "Malam, a toshe ƙofar nan mana har damina, yaranka ba su yi wanka ba." Ya dube ta ya ce, "In zai ƙare, ya ƙare mana tare. Je ki bi layi." Wallahi haka aka yi. Innarmu, matar mai rijiya, ta tsaya da tulunta a bayan matan unguwa tana cika tana batsewa. Mun sha ƙishirwa a shekarar nan, ba ƙarya. Amma ba wanda ya juya daga ƙofar da tulu a bushe.

To, yanzu ku zo ku gani. Babban wanmu, Yaya Issaka, shi ke riƙe da gida. Allah ya buɗa masa, motocinsa na lodi suna zirga-zirga tsakanin nan da Kumasi, ya sa wa gida kwano, akawuna da manyan gari na zuwa shan shayi a zaurensa. Ban yi masa baƙin ciki ba, Allah ya ƙara. Amma a farkon ranin nan sai ya kira magina suka toshe ƙofar ruwa da bulo, suka shafe da siminti sumul. Wurin da Baba ke shimfiɗa buzu, nan yanzu ake ajiye mota.

Na same shi na ce, "Yaya, me ka yi haka?"

Ya ce, "Sule, duba-gari ne suka ce taɓon da ke wurin yana tara sauro. Kuma gida ya cika, ruwan ba ya isarmu. Ga famfon gwamnati can, su je mana."

Duba-gari! Tun Baba na da rai suke zuwa suna leƙa randuna, shi kuwa sai ya sa a zuba tsakuwa a gyara magudana, magana ta ƙare. Famfon da yake faɗa kuwa, kowa ya san yini yake yana tari, in ya ɗiga kaɗan a yi ta dambe a kansa. Gaskiyar ita ce Yaya kunyar matan yake ji. Ba ya son baƙinsa masu takalma su ga tsofaffi da ɗaurin ƙirji suna ratsa masa bayan gida. Mma Sanatu, wadda gwiwoyinta sun daina biyayya, yanzu sai ta bi ayarin mata zuwa tafki can bayan gari, ta ɗebo abin da shanu suka rage.

Sai ga sadaka. Kai, an yi bajinta! 'Yan gida duk sun yi yayi, atamfa iri ɗaya, ni ma da hannuna na ɗinka wasu. An jera tukwanen shinkafa, an kawo ƙaton sa. Malamai suka cika tsakar gida, suka yi alwala da ruwan rijiyar nan, suka zauna suna ta yabon Baba, wai mutum ne da ya shayar da al'umma, ladansa na gudana har yanzu. Kowa na cewa amin. Ba wanda ya ɗaga ido ya dubi sabon simintin da ke bayansu.

Ana cikin haka sai ga Mma Sanatu ta ƙofar gaba, tana dogara sanda, da sabuwar igiya a naɗe bisa kanta. Lokacin kawowa ne ya yi, ita kuma ba ta san yadda ake fasawa ba. Ta durƙusa da ƙyar ta miƙa wa Yaya da hannu biyu. Na ce a raina, yau kam kunya za ta kama shi, gobe a kira magina.

Ya karɓa da hannu ɗaya, ya ce, "Mun gode, Mma." Daidai lokacin sai san da za a yanka ya fizge, mahauta na ihu a kawo igiya. Yaya ya juya ya cilla musu ita. Da ita aka ɗaure ƙafafunsa, aka kayar da shi, aka yanka. Igiyar da tsohuwa ta zauna ta tufka da yatsunta masu ciwo, ga ta can cikin jini da kashin sa, a gaban idonta.

Na miƙe na ce, "Haba Yaya! Igiyar rijiya ce fa!" Wani kawunmu ya ja mini riga, wai yau ba ranar wannan ba ce, kada in kunyata gida a gaban baƙi. Ni ne ma mai kunyata gidan! Tir.

Da aka zo rabo, Yaya ya sa aka ƙunsa mata nama mai yawa, har da hanta. Ta dubi ƙunshin ta ce da Hausarta ta 'yan gari, "Ku ci, yarana. Ni ruwa na saba karɓa a gidan nan." Ta ɗauki sandarta ta fita.

Tun ranar nake tambayar kaina me Baba zai ce in ya leƙo. Yanzu ko'ina maganar mulkin kai ake, Yaya ma yana kan gaba a taro, yana ɗaga murya cewa baƙi sun zo sun mallake abin masu ƙasa. Abin da shi ya yi wa masu ƙasar nan kuwa, ko a jikinsa. Na san Baba ba zai yi dogon wa'azi ba, ba halinsa ba ne. Tsawa ɗaya zai daka, ya ce a miƙo masa diga. San sadakar kuwa, da ya ce a mayar wa mai shi, don bai taɓa roƙon kowa nama ba.

Yaya, na san za a karanta maka wannan, kuma na san za ka yi fushi. Yi. Ni dai ba zan sake sa ƙafa a wata sadakar Baba ba sai an fasa simintin nan, kuma ranar da ka shirya, ni zan fara kai masa guduma.

Me ya saura na Baba Haruna? Gidan ya canza har ba zai gane shi ba. Buzunsa ban san inda aka jefa ba. Mu 'ya'yansa kuwa, kun dai ji. Na ɗauka shi ke nan, sai washegarin sadakar na bi ta bayan gida da sassafe zan tafi kasuwa. Ga matan unguwa sun jero da tuluna za su tafki, Mma Sanatu a can baya. Da suka zo daidai inda ƙofar take a da, sai na ga kowacce ta ɗan rage tafiya, ta ɗan sunkuya, ta ce wa bangon, "Mba Haruna, dasiba." Har da 'yan matan da ba su taɓa ganinsa ba.

Mma Sanatu ta yi tata gaisuwar, ta dakata kaɗan kamar yadda ta saba, ko za a amsa. Daga ciki ba abin da ake ji sai ƙarar guga da watsa ruwa. Ana wanke motar Yaya.