Malam, Dolfin Ɗinka Suna da Dangi

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da safiyar Talata, sha huɗu ga watan Maris, ina tsaye gaban firiza a ɗakin bincikenmu, ƙanenka ya kira ni ya ce Malam ya cika. A buɗe na bar murfin, abin da ka yi shekara tara kana hana mu.

Malam, tambaya ɗaya ka bi har ƙarshen rayuwarka. Dolfin ɗin gaɓar tekunmu, waɗannan dabbobin ruwa masu shayar da 'ya'yansu, ba su kai ɗari biyu ba, kuma kowace shekara komar masunta tana cin wasu. So kake ka sani: suna haɗa jini da na nesa, ko su kaɗai ne? In su kaɗai ne, ƙarewa za su yi. Shi ya sa kake yini a kwalekwale kana tsinko 'yar fatarsu, wadda ba ta kai ƙwayar wake ba, don a karanta gadon halittar da ke cikinta.

Shekarata ta farko na rubuta lambobin kwalabe arba'in da biro. Sinadarin da muke jiƙa fatar a ciki ya wanke tawadar tas, aikin wata uku ya bi ruwa. Na tsaya ina jiran kora. Sai ka zaro fensir daga aljihu ka miƙo mini.

"Ai ke kin yi ƙoƙari," ka ce. "Ni sittin na taɓa wankewa."

Wajen zaman makoki tsohon abokin aikinka ya gaya mini ko ɗaya ba ka taɓa wankewa ba.

Kwana takwas da binne ka sakamakon gwajin fatar ya iso. Akwai jinin baƙi a jikinsu, Malam. Maza suna ketowa daga nisan kilomita dubu biyu, suna haihuwa a nan. Na ɗauki takardar na nufi ofishinka da sauri, har sai da na ƙwanƙwasa ƙofa. Ina kewarka ƙwarai, kuma ban san wanda zan kai wa wannan albishir ya yi murna irin taka ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga uwargidanka, da 'ya'yanka uku, da ƙanenka, da masuntan da suka bar kamun ranar suka raka ka makwanci. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe kurakuranka, Ya sa Aljanna ce makoma. Ya Allah, bawanKa ya ji wa halittarKa tsoron kaɗaici, kada Ka bar shi shi kaɗai a kabarinsa.