Yatsan da Na'ura Ta Ƙi

Wai tsohon birkilan ma'aikatar ayyuka ya rasu, fatalwarsa ce ke bin layin fansho. Ƙarya ce, yana nan daram, har da tumbi! Sabon tsari ne ya zo: duk wanda na'ura ba ta gane zanen yatsansa ba, a soke sunansa. Shi kuwa shekara talatin siminti na cin yatsunsa, sun yi sumul kamar gindin kwalba. Sau tara yana dangwalawa, na'ura na ƙi. Litinin za a rufe, ga maganin matarsa ya kusa ƙarewa. Yanzu lallaɓa yatsan yake, ko musabaha ya daina.

Taubashinsa ya ce, "Yaya, in ara maka nawa?"

Ya harare shi. "Yatsan da bai taɓa aiki ba, fanshon me zai karɓa?"